Tikitin da ke cikin walat ɗin Kawu

Kwanana tara a gidan Kawu a unguwar Bronx ta birnin New York ya ce mini ranar Lahadi ba zai fita da tasi ba, akwai inda zai kai ni. Na ɗauka wurin dogon gunkin nan na tsibiri za mu, inda ake kai kowane baƙo ya ɗauki hoto. Ya ce a'a, New Jersey za mu, wani ɗan gari a bakin teku da ake kira Asbury Park. Na ce, "Kawu, wa muke da shi a can?" Ya ce, "Ba mu da kowa. Garin mutumina ne."

Na san mutumin nasa, don tun ranar da ya ɗauko ni daga filin jirgi muryarsa ce ke tashi a cikin motar: Bruce Springsteen, tsohon hannu a kiɗan rok, wanda ya cika shekara 75 a Satumbar 2024, 'yan makonni kafin zuwana. Abin ya ɗaure mini kai. Kawun da na sani, in ba karatun Alƙur'ani ba, to Shata yake saurare. Ban ga ta inda hanya za ta haɗa shi da Bature mai jita ba, kuma nauyinsa ya hana ni tambaya.

Muna idar da sallar asuba muka fita. Ya cika filas da shayi mai citta, ya zuba dabino a leda, ya ce in ƙara riga don iskar teku a watan Oktoba ba ta san baƙo ba. Motar muka bari a gida; wanda ya shekara kusan talatin yana tuƙi a New York ba ya marmarin sitiyari ranar hutunsa. Daga tashar Penn jirgin ƙasa ya nutse ƙarƙashin kogin Hudson ya ɓullo a cikin fadama, sai Newark, sai Elizabeth, tankunan mai da kwantenoni da hayaƙin masana'antu iya ganinka. Kawu ya ƙwanƙwasa gilashi da yatsa ya ce, "Ka ga nan? Masu aiki a irin wuraren nan yake wa waƙa. Mahaifinsa ma haka ya yi ta fama, yau masana'anta, gobe tuƙin bas." Sai da muka haye gadar kogin Raritan ƙasar ta buɗe, ruwa ya fara leƙowa ta hannun hagu.

A Long Branch muka canja jirgi, domin a nan wayar lantarki ta ƙare, sauran hanyar sai mai dizal. A garin aka haifi mawaƙin a 1949, ko da yake a Freehold ya tashi, can ciki nesa da ruwa. Tasha ta uku daga nan ita ce tamu.

Layin dogo ya raba Asbury Park gida biyu. Yamma unguwar baƙaƙen fata ce, inda titin Springwood yake, wanda a da ya cika da gidajen kiɗa kafin tarzomar Yulin 1970 ta cinye shi. Gabas kuma teku. Duk wanda ya sauka daga jirginmu gabas ya nufa, mu ma muka bi sahu, kuma har yau ina jin ya kamata a ce mun fara waiwayar yamman. A bakin ruwa akwai doguwar hanya ta katako shimfiɗe a gefen yashi, tsohon ginin Convention Hall na tsaye a kanta, mutane na ratsawa ta cikinsa. Kawu ya nuna mini wani gajeren gini a ƙetaren titi, wanda in ba a nuna maka ba sai ka wuce shi. Stone Pony ke nan, da aka buɗe a 1974, inda mawaƙin ya sha faɗowa ba sanarwa ya hau dandamali tare da makaɗan gari. Mashaya ce, ba mu shiga ba. Muka nemi benci muka buɗe filas.

Bencin da ke kusa da namu mutum uku ne a kai, kuma gardama suke yi haiƙan. Wata dattijuwa mai furfura da ɗan littafi a cinya, wani ƙaton dattijo mai jan wuya, da wani matashi riƙe da waya. Ina jin suna ta maimaita 1978. Ƙaton yana cewa Winterland, matashin yana cewa Cleveland. Kawu ya kurɓi shayinsa, bai ko juya ba ya ce, "Passaic." Dattijuwar ta buga cinya ta ce ga wanda ya san abin da yake yi. Nan take suka matsa mana wuri.

Sai a nan na fahimci kan zancen. Bayan faifansa na 1975 ya ɗaga shi sama, shari'a ta shiga tsakaninsa da tsohon manajansa, aka hana shi shiga ɗakin ɗaukar waƙa har zuwa 1977. Da ya dawo da sabon faifai a 1978 sai ya fito rangadi kamar wanda aka kwance wa dabaibayi. Wasanni biyar daga cikin na shekarar gidajen rediyo suka watsa su kai tsaye: Los Angeles, Cleveland, Passaic, Atlanta, da Winterland na San Francisco a watan Disamba. Yara suka danna rikoda a ɗakunansu, kaset ya haifi kaset, wasu suka buga a faifai ta bayan fage suna sayarwa. Dattijuwar ta ce nata na Passaic ita ta ɗauka da hannunta daren 19 ga Satumba, kuma akwai waƙar da ta yanke a tsakiya lokacin da take juya kaset. Daga 2014 mawaƙin ya fara fitar da irin waɗannan tsofaffin wasanni da kansa, tas da su, amma ta ce duk sanda ta ji cikakkiyar waƙar sai kunnenta ya jira yankewar nan.

Wannan na gane shi ba tare da tafinta ba. Haka Baba da abokansa suke a ƙofar gida, waƙa ɗaya ta Shata amma sai a raba dare ana musu tsakanin wadda ya yi a gidan rediyo da wadda ya yi a wajen wani biki, don a ɗaya ya ƙara baiti, a ɗaya kalangu ya fi zafi. Waɗannan ma ba waƙa suke ƙirgawa ba, dare suke ƙirgawa. Mutumin nasu ba ya maimaita jerin waƙoƙi yadda yake jiya. Wani lokaci sai ya karɓi kwalin da wani ya ɗaga cikin taro da sunan waƙa a rubuce, ya nuna wa makaɗansa, a kama. Littafin dattijuwar shi ke nan aikinsa. Ta bar ni na buɗa: kowane shafi kwanan wata, gari, sai waƙoƙi a jere da biro, wasu layukan sun hau juna don a cikin duhu ta rubuta. A shafukan 2012 ta ja layi ƙarƙashin sunan Jake Clemons, wanda ya gaji ƙahon saksofon na ɗan'uwan mahaifinsa Clarence bayan rasuwarsa a 2011. Shafin ƙarshe na 15 ga Satumbar 2024 ne, daren da ya yi sama da awa uku a kan yashin nan da muke kallo, ya tono waƙoƙin ƙuruciyarsa da ya daɗe bai taɓa ba.

Suka bi ta kan Helsinki, inda ya yi awa huɗu da minti shida a 2012. Suka taɓo faifan 1982 da ya ɗauka shi kaɗai a ɗaki da ƙaramar rikodar kaset. Matashin ya kawo kukan kuɗin tikiti: a 2022 wasu kujerun sun haura dala dubu huɗu, har mujallar masoyansa, Backstreets, ta rufe a 2023 bayan shekara 43, kuma ɓacin ran tikitin na cikin dalilan da ta bayar. A nan ina tare da matashin. Wanda ya yi suna da waƙar ma'aikata, bai kamata ma'aikaci ya tsaya a waje yana jiyo shi ta katanga ba. Ba wanda ya kare shi a kan wannan, har Kawu.

Can ƙaton dattijon ya dubi Kawu ya tambaye shi wasan da ya fara zuwa. Kawu ya ce Madison Square Garden, Yunin 2000. Fuskar mutumin ta canja. Ya ce shi ma yana cikin zauren a ɗaya daga cikin darare goman da mawaƙin ya yi wasa a wannan zaure na New York, kuma yana cikin waɗanda suka yi ihun ƙin waƙar. Bai faɗi wace waƙa ba, kuma ba wanda ya tambaya sai ni.

Kawu ya juyo da Hausa ya ce, "Ɗana, ka san Amadou Diallo?" Sunan kawai na sani. Ya ce yaro ne ɗan Gini, shekararsa 23, yana sayar da safa da safar hannu da kaset ɗin bidiyo a gefen titi a Manhattan. Daren 4 ga Fabrairun 1999 yana tsaye a ƙofar gidan da yake haya a Soundview, can cikin Bronx, 'yan sanda huɗu cikin farin kaya suka tare shi. Ya sa hannu a aljihu ya zaro walat. Harsashi 41 suka harba, 19 suka same shi. Ba ko wuƙa a jikinsa. Bayan shekara guda kotu a Albany ta wanke su duka huɗun. "Ni lokacin shekarata uku a ƙasar nan," in ji Kawu, "Turancina bai nuna ba. Shekara nawa ne tsakanina da shi? Aljihun nan ɗaya ne. Tun daga ranar ban ƙara tuƙi da walat a jikina ba. A gaban mota nake ajiyewa, inda kowa zai gani."

Watanni bayan hukuncin ya ji a rediyon tasi cewa wani Baturen mawaƙi ya yi waƙa a kan kisan, "American Skin", ya fara rera ta a Atlanta, kuma shugaban ƙungiyar 'yan sandan New York ya yi kira a ƙaurace wa wasanninsa. Kawu bai taɓa jin sunansa ba. Ya ce a ransa, mutumin da ya ja wa kansa wannan saboda ɗan talla baƙar fata, sai na ga idonsa. Ya haɗa cinikin kwana biyu ya sayi tikiti, can sama kusa da rufi. Ya ce da aka zo waƙar sai makaɗan suka riƙa matsowa makirufo ɗaya bayan ɗaya, kowa yana faɗin adadin harsasan, ana maimaitawa, ana maimaitawa, har ya ji kamar a ƙirjinsa ake ƙirgawa. Sauran kalmomin bai kama su ba a daren. Lambar ta ishe shi.

Sai ya koma Turanci ya gaya musu a taƙaice. Ƙaton ya yi shiru yana murza hular da ke hannunsa. Ya ce ƙanensa ɗan sanda ne, kuma a lokacin gani yake an sayar da su. Ya yi shekaru bai je wasa ba. Wata rana yana tuƙi shi kaɗai faifan wasannin New York ɗin, wanda ya fito a 2001, ya zo kan waƙar bai tsallake ba, sai ya ji ashe baitin farko ɗan sandan ne durƙushe a kan wanda ya harba yana roƙon kada ya mutu, na biyu kuma uwa ce ke shirya ɗanta zuwa makaranta tana yi masa huɗubar yadda zai yi da hannuwansa in an tare shi. Ya ce bai taɓa saurara ba, ihu kawai ya yi. Ban ce sun daidaita a kan komai ba. Ya ci gaba da cewa aikin ɗan sanda da dare ba wasa ba ne, Kawu kuma ya ce yaron ma a ƙofar gidansu yake. Amma ba wanda ya tashi.

Dattijuwar ta tambayi Kawu wane dare ne cikin goman. Ya sa hannu a aljihun rigar sanyinsa ya zaro walat, a hankali, yadda na lura yake zaro shi ko a gaban mai shago. Daga bayan lasisinsa ya fito da guntun tikiti da aka naɗe a leda. Rubutun ya koɗe ya zama ruwan ƙasa, gefen ya yi laushi kamar tsumma, amma kwanan watan na nan. Ta buɗa littafinta baya, ta yi ta juya shafi, ta tsaya. Tana wurin a daren. Ta ɗora tikitin a kan shafin, ta bi jerin da yatsa har ta kai kan waƙar, ta nuna masa. Kawu ya sa tabarau ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙa wa ƙaton ledar dabino, ya ɗauki biyu.

Muka yi azahar a kan yashi bayan Convention Hall, iska na neman ɗauke mana darduma. A jirgin komawa matashin ya riga ya tura mini wasan Passaic a waya, na sa abin kunne ɗaya, Kawu ɗaya. Ban fahimci rabin Turancin ba, amma na ji yadda fiyano ke jan waƙa ɗaya minti da minti kafin jita ta shigo kamar an ɓalle ƙofa, na ji taron na amsawa. Kafin Newark barci ya ɗauke Kawu.

Washegari da sassafe, kafin ya fara ɗaukar fasinja, ya bi da ni ta titin Wheeler a Soundview. An sa wa yankin sunan Amadou Diallo Place, allon na manne a jikin ƙarfen fitila. Gidajen jan bulo ne a jere, ƙofofinsu ƙanana, wata mata na fitowa da yara biyu masu jakar makaranta. Kawu ya kashe mota, ya kashe rediyo, ya ɗaga hannu muka yi wa yaron addu'a muka shafa. Sannan ya gyara wa walat ɗin zama a gaban gilashi, ya tayar da mota.