Abin da ƙwallon gorar ƙanƙara ta koya mini a ajin karatu

Shekara uku ke nan ina taimaka wa malamar aji huɗu a wata firamare da ke Winnipeg, a ƙasar Kanada. A garin nan, da sanyi ya kama, hirar yara ba ta wuce ƙwallon gorar ƙanƙara (wasan da ake buga ɗan faifan roba da sanda a kan ƙanƙara) da ƙungiyar garin, Jets.

Akwai wani yaro a ajinmu da kowa ya ɗauka ba ya gane karatu. Zai karanta shafi guda tiryan-tiryan, ka tambaye shi me ya faru, sai ya sunkuyar da kai. Rannan malamar ta kawo ɗan labari kan wasan ƙarshe na gasar Olamfik ta Vancouver a 2010, wanda Kanada ta doke Amurka da ci 3 da 2 a ƙarin lokaci. Yaron nan shi ya fara ɗaga hannu. Ya yi wa aji bayanin dalilin da ya sa hankalin kowa ya tashi: a ƙarin lokaci, duk wanda ya fara ci shi ke nan, wasa ya ƙare. Labarin bai faɗi haka ba, shi ya cike gurbin da abin da ya sani. Ni kuwa sau biyu na karanta shafin, kowace kalma na san ta, amma ban gane me ya sa ake fitar da ɗan wasa ya zauna minti biyu a gefe, ƙungiyarsa ta ci gaba da ragin mutum ɗaya ba. A ranar na ɗanɗani abin da yake ji kullum.

Daga baya na ci karo da binciken Donna Recht da Lauren Leslie na 1988 a Amurka. Sun ba yara labarin wasan besbol, sai masu raunin karatu da suka san wasan suka fi gwanayen karatu da ba su san shi ba fahimta. Abin da na gani da idona ke nan.

Sai dai hanyar koyar da karatu da labaran wasan tana da tarko, kuma mun faɗa ciki. Yaran da suka taso da wasan suna amsawa daga ka, ba sa komawa ga takarda. Baƙi kuma, 'ya'yan waɗanda suka zo daga Filifin, Indiya, Yukiren da Najeriya, sun zama 'yan kallo. Don haka muka fara ware minti goma kafin karatu: a kawo sanda da ɗan faifan robar nan kowa ya taɓa, a zana fili a allo, a nuna 'yan wasa shida na kowane ɓangare da zango uku na minti ashirin-ashirin. Masanan aji su ke koyarwa, mu mu koma gefe.

Mun kuma canza labaran zuwa waɗanda sanin dokoki kaɗai ba ya warware su. Wanda ya fi shiga raina shi ne na Willie O'Ree, baƙar fata na farko da ya buga a NHL, babbar gasar wasan ta Kanada da Amurka, da ƙungiyar Boston a 1958. Faifan ya taɓa bugunsa a idon dama har idon ya kusa daina gani gaba ɗaya, ya ɓoye maganar. Na tambaye su me ya sa ya ɓoye, kuma wane layi ne hujjarsu. Nan kowa ya koma ga takarda, ɗan gida da baƙo.

Da muka sake karanta labarin Vancouver, na gaya musu cewa Jarome Iginla, ɗan wasan Kanada da ya miƙa wa Sidney Crosby faifan da ya ci ƙwallon nasara da shi, mahaifinsa ɗan Najeriya ne. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗago kai ta ce, “Malam, a ba ni littafin in tafi da shi gida, Babana zai so ya ji.”