Faifan 'yan banjo da muka naɗa a ɗaki guda

Ina da ƙaramin sutudiyo kusa da Bristol a Amurka, garin nan da titi guda ya raba biyu, rabi a jihar Tennessee, rabi a Virginia. Mu biyu ne a wurin, ni da wani matashi mai koyon aiki, lissafin kuɗi kuwa a hannun uwargida yake. Abin da ke riƙe mu yau da gobe tallan rediyo ne da waƙoƙin coci. Amma aikin da ya fi cin lokacina a bana shi ne faifan wasu mutum biyar masu kiɗan bluegrass, wani salon kiɗan karkarar Amurka na kayan tsirkiya, waƙoƙin duka nasu, babu ta aro ko ɗaya.

Wannan gari tsohon hannu ne a harkar. A nan Ralph Peer ya kafa na'urarsa a 1927 don kamfanin Victor, ya naɗi iyalan Carter da Jimmie Rodgers. Bluegrass daga baya ya zo, ta hannun Bill Monroe mutumin Kentucky, kuma bai gama nuna ba sai ƙarshen 1945, da Earl Scruggs ya shiga ƙungiyarsa yana kaɗa banjo da yatsu uku.

Ni a Kano na koyi aiki, inda piyano ɗaya ke ba ka ganga da sarewa da komai, mawaƙi ya zo daga baya ya ɗora murya, a gyara abin da ya karkace a kwamfuta. Nan ba ganga, ba abin da ake jona wa wuta. Jita ce, sai banjo mai tsirkiya biyar, da mandolin mai takwas, da gogen Turawa, da ƙaton bas da ake kaɗawa a tsaye. Bas ya buga, mandolin ya sara a tsakanin bugun, wannan shi ne agogonsu. Da an zo amshi sai su ɗan ƙara gudu, kuma ba kuskure ba ne. In ka ɗaure su da na'urar ƙidaya a kunne, kiɗan zai fito daidai amma ba rai.

Don haka dole su yi tare, a ɗaki guda, suna ganin juna. A nan aikin yake. Banjo akwai ƙara, domin akwai zoben ƙarfe a cikinsa da murfin katako a baya mai turo sauti gaba. Jita kuwa baiwar Allah, muryarta ƙasa-ƙasa. Duk makirufon da ka kafa sai banjo ya leƙa cikinsa, saboda haka in mai jita ya yi tuntuɓe ba za ka yanke nasa kaɗai ka sake ba, sai dai kowa ya koma farko. Mai banjo na juya shi yana fuskantar bango mai labule, mai bas na janye shi daga kusurwa don can yake gunji, sannan na manna salatif a ƙasa inda ƙafar kowa za ta tsaya. Masu waƙa uku makirufo ɗaya suke rabawa: jagora a tsakiya, mai siririyar murya a samansa, mai kauri a ƙasa. Wanda muryarsa ta yi yawa sai ya ja da baya taku ɗaya. Rabin haɗa sautin da ƙafa ake yinsa kafin in taɓa kwamfuta.

Sai ƙananan abubuwa masu ɓata aiki. Dole a kashe firiji da na'urar sanyaya ɗaki, ga zafi da gumi, tsirkiya kuma sai ta yi ta sauka. Kan bel ɗin mai jita yana gogar bayan jitar, sai da muka sa ya juya shi gefe.

A waƙa ɗaya dattijon da ke kaɗa banjo ya ajiye na ƙarfen, ya fito da wani na duma mai rufin fata. Ina ganinsa na ce ai wannan ɗan'uwan gurmi ne. Bai yi mamaki ba, ya san bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma ne suka fara haɗa banjo a tsibiran Karibiyan da Amurka, har ya ambaci akonting na mutanen Jola a Senegal da Gambiya. Fatar ta saki saboda danshi, muka gasa ta da na'urar busar da gashi har ta ɗaure.

Waƙoƙin kan rayuwarsu ne: ramin kwal da aka rufe, gonar taba da magada suka sayar, da ambaliyar Satumban 2024 da kogin Nolichucky ya yi ɓarna a garin Erwin. Wahalar sabuwar waƙa ita ce babu wanda ya riga ka yi da za ka auna da shi. Akwai guda biyu da na ce musu ba su nuna ba. Ɗaya suka gyara, ɗayar suka ce a bar ta haka. Faifansu ne, na bar ta, amma har yanzu ina ganin baiti na uku ya yi mata yawa.

Ta fuskar kuɗi kuwa, waƙar kanka ta fi. Wanda ya sa waƙar wani a faifai zai biya a kan kowane kwafi. Kuɗin da doka ta yanka ya kai santi 12 kan kowace waƙa a 2023, kuma yana ƙaruwa duk shekara. Su ba wanda ke binsu, sai dai na matsa kafin mu kunna na'ura su rubuta a takarda wa ya yi wace waƙa, kason kowa nawa, su yi rajista da BMI ko ASCAP, ƙungiyoyin da ke karɓar wa marubuta waƙa kuɗinsu in an sa waƙar a rediyo ko wurin taro. Abota takan lalace a kan abin da ba a rubuta ba.

Intanet ba za ta mayar musu da kuɗinsu ba. Tun 2024 Spotify ba ya biyan komai ga waƙar da ba a saurara sau 1,000 a shekara ba. Cinikinsu a teburin bayan wasa yake, a irin taron masu goge na Galax da ake yi tun 1935, ko MerleFest na Wilkesboro da ya fara a 1988, inda mai sauraro zai sayi CD a sa masa hannu. Sun so a buga baƙin faifan garmaho ma, amma kowane gefe kusan minti 22 yake ɗauka, ga jiran watanni a masana'anta, sai suka ce sai CD ya fara dawo da wani abu.

Irin wannan aiki ba na cajinsa da awa, don mai kallon agogo ba ya kiɗa mai kyau. Kuɗin waƙa-waƙa nake yanka musu, rabi kafin a fara, rabi ranar karɓa. Uwargida ta ce da wannan tsari kusan kyauta na yi musu, ta riga ta ƙara farashin faifai na gaba.