Godiya Bayan Kare Kundina a Kan Kakar Wasan Makarantar Carlisle ta 1912

Alhamdu lillahi, jiya na kare kundin digirina na biyu a gaban kwamitin malamai, kuma an amince da shi. Kundin ya bi diddigin kakar wasa ta 1912 ta ƙungiyar ƙwallon ƙafar Amurka (wasan ya fi kama da zari-ruga) ta makarantar Carlisle da ke jihar Fensilbeniya, makarantar kwana da Richard Henry Pratt ya kafa a 1879 domin raba yaran 'yan asalin ƙasar da harsunansu da al'adunsu.

Godiyata ta farko ga malamata mai duba aikin, wadda ta ƙi yarda in tsaya ga jera sakamako, ko da yake sakamakon abin alfahari ne: nasara 12, kunnen doki ɗaya da ƙungiyar Kwalejin Washington da Jefferson, sai kashi ɗaya da suka sha a hannun Jami'ar Fensilbeniya. Ita ce ta dage a kan in ware babi guda ga wasan ranar 9 ga Nuwamba a West Point, inda yaran kocin Carlisle, Pop Warner, suka doke ɗaliban makarantar hafsoshin soja da ci 27 da 6, shekara 22 kacal bayan kisan kiyashin da sojojin ƙasar suka yi wa mutanen Lakota, wata ƙabila ta 'yan asalin ƙasar, a Wounded Knee. Cikin waɗanda aka doke a ranar har da Dwight Eisenhower, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa.

Ina kuma gode wa ma'aikatan ɗakin adana tarihi na garin Carlisle, waɗanda suka yi ta fito mini da tsofaffin hotuna da jaridun makarantar ba tare da ƙosawa ba.

Amma bashin da ya fi mini nauyi na dattawan nan ne, jikokin tsofaffin ɗaliban makarantar, da suka ba ni lokacinsu alhali ni baƙo ne daga wata nahiya. Sun yi magana a kan Jim Thorpe, tauraron ɗan wasan makarantar, da farin ciki, yadda ya dawo daga gasar Olamfik ta Stockholm da zinare biyu a bazarar shekarar sannan ya ja ragamar ƙungiyar, da yadda aka ƙwace lambobin a 1913 saboda ya taɓa karɓar kuɗi a wasan besbol. Duk da haka, ba su bar hirar ta ƙare a filin wasa ba. Wata dattijuwa ta nemi in ziyarci maƙabartar makarantar, inda aka binne yara fiye da 180, kafin in rubuta komai a kan ƙwallo. Na je, kuma a ganina babin da ya biyo bayan wannan ziyara shi ne mafi gaskiya a cikin kundin.

Ga Baba da Inna, da ba su taɓa kallon wannan wasa ba amma ba su fasa yi mini addu'a ba, da maiɗakina da ta riƙe gida, Allah ya saka muku da mafificin alheri. 'Yan'uwa da suka nemi kwafi su yi mini haƙuri har in kammala gyare-gyaren da kwamitin ya ba ni, sai in tura wa kowa.