Kwamfutar da Na Haɗa Don Yaro Ya Samu Barci

Ɗaki biyu gare mu a unguwar Mabera ta Sakkwato, teburin aikina kuma yana jingine da bangon ɗakin kwana. Sana'ata tace sautin karatu da wa'azi, sai bayan isha'i nake zama, lokacin da unguwa ta yi tsit. Tsohuwar kwamfutata kuwa da an kunna ta sai ka ce injin markaɗe. Wani dare uwargida ta leƙo da jariri a kafaɗa, ta ce, "Malam, wagga na'ura ba ta bari yaro shi yi kwana." Maganar ta tsaya mini a rai.

Da farko na so sayen akwatin nan da ake liƙa wa soso a ciki don ya shanye ƙara. Allah Ya sa na sake tunani. Wanda ya san Afrilun Sakkwato, da zafi ke wuce digiri 40, ya san in ka toshe akwati zafi zai taru, fanka ta yi ta gudu ba hutu, ƙarar da ka guda ta dawo ninki. Fanka ba ta ihu sai zafi ya matsa mata, don haka zafin na fara ragewa.

Na ɗauki ƙwaƙwalwar kwamfuta irin Ryzen 5 5600G, mai wat 65, wadda ke sarrafa hoto da kanta, ka ga babu katin hoto balle fankokinsa. Babban allon irin Mini-ITX ne, santimita 17 kowane gefe. Mai sanyaya ƙwaƙwalwar Noctua NH-L9a ce, tsayinta milimita 37 kacal. Maimakon faifan ajiya mai juyawa na sa SSD irin M.2, ba abin da ke motsi a cikinta. Akwatin mai raga ne, gajere, ya zauna daidai gefen littattafaina.

Haɗin ya ci mini yini guda. Wurin ƙunci gare shi, yatsa da ƙyar yake shiga. Sau biyu ina kwance allon saboda na ɗaure shi kafin in soka wayar wutar da ke can lungun sama. Mai niyya ya fara soka wayoyinsa tukuna.

Sai ƙura, wadda ita ce ta fi damuna. Na sa babbar fanka mai milimita 140 tana hura iska ciki ta bayan matatar ƙura, domin iskar ta riƙa fita ta sauran kafofi maimakon hazo ya shigo ta nan. Babbar fanka a hankali take juyawa, amma iskarta ta isa. A BIOS, wato wurin saitin babban allon, na saita ta kada ta ƙara gudu sai zafi ya hau sosai.

A hunturun nan duk Juma'a nake wanke matatar, ruwan ya fito ja wur. Batirin sola ma yanzu yana kai ni ƙarshen aiki. Yaro na barcinsa, ni kuma ina jin numfashin mai karatu sarai a sautin da nake tacewa. Saura in ga yadda za ta yi da bazara.