Abin da na koya daga ƙararrakin da ake kai wa batoniye

Uban gidana a ofishin da na yi staj, wato koyon aikin lauya, a Yamai yakan karɓi aikin da lauyoyi da yawa ke gudu, wato kare ɗan'uwansa lauya idan an kai ƙararsa wajen batoniye, shugaban ƙungiyar lauyoyi. Ni ke haɗa masa dosiye, don haka na karanta wasiƙun koke da dama, wasu ma a bakin kotu aka rubuta wa masu su don ba su iya Faransanci ba.

Galibinsu ba da sata suke farawa ba, da shiru suke farawa. Mutum ya sayar da ƴan bisashensa ya biya kuɗin aiki, ya taso daga Tawa ya kwana a tasha, a ce masa Metir, wato lauyan, ya fita. Ya buga waya, ba a ɗauka. An ɗage shari'a, ba wanda ya gaya masa. Watakila lauyan yana aikinsa daidai, amma mai ƙara ba shi da hanyar ganewa, kuma zuciya ba ta zama babu zato.

Sai maganar kuɗi, inda ba a sassauci. Kuɗin da kotu ta yanke a biya mai ƙara ba na lauya ba ne ko na dare ɗaya. Shi ya sa aka kafa asusun CARPA, inda irin wannan kuɗi ke bi kafin ya isa hannun mai shi. Wanda ya taɓa shi da niyyar mayarwa ƙarshen wata ya riga ya ci amana, ko da ya mayar.

Dokar UEMOA (ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta wasu ƙasashen Afirka ta Yamma) ta 2014, wadda ta daidaita aikin lauya a ƙasashen ƙungiyar, ta jera hukunci daga gargaɗi zuwa tsawatarwa, dakatarwa na wani lokaci, har soke suna daga jerin lauyoyi. Wanda aka hukunta yana iya ɗaukaka ƙara, kuma alƙalai da lauyoyi ne ke zama tare su sake dubawa.

Mutanen gari kan ce ai ƴan'uwa ne, za su rufa wa juna asiri. Ina fahimtar wannan tsoro, kuma kan ƙungiyar lauyoyi nauyin kawar da shi yake. Amma na ga dattijo da ya shekara da shekaru cikin baƙar riga yana amsa tambayoyin waɗanda ya girme su, muryarsa na rawa. Shi ma yana da haƙƙin a saurare shi, a nuna masa hujja, a ba shi mai kare shi.

Wata rana na tambayi uban gidana me zai cece ni daga irin wannan zama. Ya ce, "Ɗana, ka ba da rasit ko na dala ne, ka rubuta yarjejeniyar kuɗin aiki tun farko, kuma duk ranar da aka ɗage shari'a ka kira mai ita kafin magariba." Yanzu da nake da nawa ofishin, sakatariyata ba ta rufe ƙofa sai mun bi jerin waɗanda za a kira.