Lissafin malalacin ɗalibi: yadda ake gama digiri ba tare da kwana a aji ba

A kowane sashe na jami'a akwai ɗalibin da ba a ganinsa a laburare, ba ya TDB, wato kwana ana karatu har gari ya waye, da la'asar yana filin ƙwallo, amma ranar da aka kafe sakamako sai a ga ko kariyoba ɗaya, wato kwas ɗin da aka faɗi sai an maimaita, ba shi da ita. Wasu su ce kai ne da shi, wasu su ce yana da ƙafa a wajen malamai. Galibi dai lissafi ya iya: ya san inda maki yake kwance, kuma ba ya barin na ɓagas ya wuce shi.

A fara da ma'aunin kansa. A yawancin jami'o'in Najeriya, maki 70 zuwa sama shi ne A, darajarsa 5. Daga 60 zuwa 69 B ne, 4. Daga 50 zuwa 59 C ne, 3. Daga 45 zuwa 49 D ne, 2. Daga 40 zuwa 44 E ne, 1, a inda ba a soke shi ba. Ƙasa da 40 F ne, faɗuwa, sifili. Ana ninka darajar da yawan yunit ɗin kwas, wato nauyin da aka ba shi, a tara, a raba da jimillar yunit ɗin da ka yi wa rajista. Abin da ya fito a semista guda shi ne GPA, na dukan shekarun kuma CGPA. Wanda ya gama da 4.50 zuwa sama ya yi digiri mai daraja ta ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 babbar daraja ta biyu, 2.40 zuwa 3.49 ƙaramar daraja ta biyu, 1.50 zuwa 2.39 daraja ta uku. Littafin dokokin ɗalibai da ake rabawa a shekarar farko yana ɗauke da ainihin ma'aunin makarantarku. Shafuka kaɗan ne, kuma sun fi kowane handawut amfani ga mai ƙyuyar karatu.

Ga abin da wannan lissafi yake nufi a aikace. Ɗauki semista mai yunit 20: kwas huɗu masu yunit 3, uku masu yunit 2, biyu masu yunit 1. Ɗalibi na farko ya ci B a manyan huɗun, ya tsaya a C a duk sauran. Makinsa 48 da 18 da 6, wato 72, a raba da 20 ya ba da 3.6. Na biyu ya ba da ƙarfinsa ga ƙananan saboda sun fi daɗin karatu: A a masu yunit 1, B a masu yunit 2, D a manyan. Makinsa 10 da 24 da 24, wato 58, GPA 2.9. Takardarsa ta fi ta na farko kyawun gani, ga A har biyu, amma yana baya nesa ba kusa ba. Saboda haka idan awa goma kacal za ka iya ba karatu a mako, shida ko bakwai na masu yunit 3 ne.

Sai maganar shekarar farko, wadda ake shashantar da ita da yawon ganin gari da murnar an rabu da gida. CGPA kamar buhu ne, yana daɗa nauyi kowace semista, har ya kai matsayin da ba ya motsuwa. Wanda ya kai ƙarshen aji uku da 2.80 a kan yunit 120, ko da ya ci A a kowane kwas na shekarar ƙarshe mai yunit 40, a 3.35 zai tsaya, babbar daraja ta biyu ta riga ta kuɓuce masa. Wanda kuwa ya yi 4.00 a aji ɗaya, lokacin da rabin abin da ake koyarwa maimaicin sakandare ne, 3.34 ta ishe shi a sauran shekaru ukun ya fita da 3.50. In za ka wahala sau ɗaya, ka wahala a aji ɗaya.

Makin CA, wato na gwaje-gwajen cikin semista, shi ne kuɗin da aka yar a hanya. Yawanci 30 ne ko 40 cikin 100, ana tara shi daga tes, aikin gida, aikin ɗakin gwaji, wani lokaci har da halartar lakca. Mai 24 cikin 30 yana buƙatar 26 kawai cikin 70 a jarrabawa ya kai C, 36 kuma ya kai B. Wanda ya yi barci ranar tes ya tashi da 8, sai ya ci 42 cikin 70 kafin ya ga C, 32 kafin ma ya tsira. Tes kan zo ne bayan makonni biyar ko shida na karatu, abin da za a tambaya bai taru ba tukuna, dare biyu ya ishe shi. Aikin gida kuwa ko rabinsa ka iya, miƙa shi a kan lokaci. Akwai malaman da ke yin tes na ba-zata a ranar da suka ga aji ya yi fayau, musamman lakcar ƙarfe takwas na safe da ta yammacin Juma'a. Ka san su tun makon farko ta bakin 'yan ajin da ke gabanku.

Halartar lakca ma tana da ƙa'ida: kashi 75 cikin 100 kafin a bar ka ka zauna jarrabawa. Ba kowane malami ke ɗaukar suna ba, amma wanda ke ɗauka ba ya wasa. Ban da wannan, zaman lakca shi ne karatu mafi arha. Awa biyu kana sauraron mutumin da zai fitar da tambayoyin kuma ya duba takardarka. Inda ya tsaya ya maimaita, inda ya rubuta misali a allo har ƙarshe, inda ya ce "ku kula da nan", sa masa alama a gefen littafi. Lakcoci biyun ƙarshe na semista kuwa, ko zazzaɓi kake yi ka lallaɓa ka je.

Yanzu ga ainihin karatun. Da tsohuwar zuma ake magani: nemi tambayoyin jarrabawar shekaru huɗu ko biyar da suka wuce, a wajen wakilin aji, ko masu shagon fotokwafi na bakin sashe, ko zauren WhatsApp na 'yan gaba da ku. Shimfiɗa su, ka rubuta kowane batu da yawan fitowarsa. Za ka tarar batutuwa biyar ko shida ne ke ta juyawa, ana sauya musu riga. Su za ka fara ƙwarewa a kai. Tarkon da ke nan guda biyu ne. Idan an canza malamin kwas ɗin, tsofaffin tambayoyin sun rage daraja, littafin lakcar sabon shi ne madogara. Na biyu, haddace amsa ba tare da gane ta ba: malami ya sauya lamba ɗaya ko ya juya tambayar, sai ka ga mutum ya zuba amsar bara a kan tambayar bana.

Yadda ake karantawa ya fi yawan awannin tasiri, kuma duk wanda ya yi makarantar allo ya san sirrin. Ba a wanke allo sai yaro ya kife shi ya kawo karatun da ka, kuma ana komawa tishin na baya don kada ya zube. Haka za ka yi da handawut: karanta shafi biyu, rufe, rubuta abin da ka tuna a farar takarda, buɗe ka ga inda ka yi tuntuɓe. Ka sake bayan kwana biyu, ka sake bayan mako. Tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a farkon lokacin da aka koyi abu, kuma bitar da aka rarraba ta fi wadda aka cusa a zama ɗaya. Minti arba'in a rana a haka ya fi kwana uku ana shan shayi da goro a ajin dare, ana bin layi da alƙalami mai launi, ido na karatu kai na gida.

A ɗakin jarrabawa ana asarar makin da ba ruwansa da ilimi. An ce a amsa tambaya huɗu, ta ɗaya dole, mutum ya ƙare awa ɗaya da rabi a kan wadda ya fi sani, ya bar ta huɗu fari fat. Makin farko na kowace tambaya shi ne mafi sauƙin samu, ma'anar kalma da jero abubuwa uku, don haka raba lokacin daidai ka taɓa kowacce. Mai dubawa yana da ɗaruruwan takardu da jerin abubuwan da yake nema. Sa kowane batu a layinsa, da lambar tambaya a sarari. A lissafi nuna matakai, ana ba su maki ko amsar ƙarshe ta kauce. Rubuta lambar rajistarka daidai, ka sa hannu a takardar halarta da shiga da fita, domin ita ce shaidarka ranar da aka ce ba a ga sakamakonka ba. Satar amsa kuwa ba ta cikin wannan lissafi. Hukuncinta kan kai kora, garin neman gira a rasa ido.

Abu mafi tsada ga malalaci shi ne kariyoba. F a kwas mai yunit 3 sifili ne a maki, 3 a yunit ɗin da ake rabawa da su, kuma a yawancin makarantu ba ya goguwa ko ka sake ka ci. In ka maimaita ka samu C, maki 9 ke nan a kan yunit 6, daidai da 1.5. Ga karon jadawali da lakcocin sabon ajinka, ga kwas ɗin gaba da ba za a bar ka ka ɗauka ba sai ka ci wannan, ga iyakar yunit 24 a semista. Kwas ɗin semista ta farko kuma sai wata semista ta farko ake sake yin sa. Faɗuwa ɗaya a ajin ƙarshe tana iya zama ƙarin shekara, da sabon kuɗin makaranta, abokai suna sansanin NYSC kai kana zaune da ƙannenka a aji. Shi ya sa kwas ɗin da ka fi tsoro shi ne zai fara cin lokacinka, har sai ka tabbatar 45, makin tsira a inda aka soke E, ba za ta gagare ka ba. Kuma ka buga takardar rajistar kwasa-kwasanka ka ajiye, da sa hannun jami'in ajinku. Kwas ɗin da ka zauna wa jarrabawa ba tare da rajista ba kamar ba ka yi ba ne, wanda ka yi wa rajista ka ƙi zama kuma F ne.

Furojet na ajin ƙarshe yakan ɗauki yunit 4 zuwa 6, kuma ba a rufe ka a ɗaki a ce ka tuno. Zaɓi batun da bayanansa ke kusa da kai, kasuwar unguwarku ko makarantun ƙaramar hukumarku, ka kai wa mai duba ka babi-babi, ka gyara abin da ya ja wa layi kafin ka koma. Haka SIWES, wato horon sanin makamar aiki a ma'aikatu, ga masu yin sa: cika littafin aikin kowane mako, kada ka bari sai daren da mai dubawa zai zo.

Wannan duka ya fi tafiya a kwasa-kwasan da ake rubutu da bayani. A likitanci da harhaɗa magunguna makin tsira 50 ne, abin haddacewa kuma ya fi ƙarfin tsofaffin tambayoyi. A injiniyanci da lissafi kowane darasi a kan na jiya yake zaune, wanda ya tsallake makonni uku sai ya koma ya warware misalan da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, kafin na huɗu ya shiga kansa.