Saƙon godiya bayan kare kundin digirina

Alhamdu lillahi. Jiya da la'asar na kare kundin digirina na uku, malaman da suka zauna a kaina kuma sun amince da shi. Tun daga lokacin wayata ba ta huta ba. Saƙonnin sun fi ƙarfin in amsa su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na zo nan in gode muku gaba ɗaya.

Da yawanku kun tambaye ni a kan me na ɓata shekara biyar. A daminar 2006, cikin Yuli da Agusta, wani jirgin bincike na Birtaniya ƙirar BAe-146 ya yi sansani a Yamai, ƙarƙashin shirin AMMA mai nazarin damina a Afirka ta Yamma. Cikinsa maƙil da na'urori, bututai sun leƙo ta jikinsa suna zuƙo iska. Yakan yi ƙasa-ƙasa ya ratsa Sahel, ya gangara kudu ta kan dazukan Benin har bakin teku, yana auna sinadaran da ke cikin iska, waɗanda don ƙanƙantar yawansu sai da kashi cikin biliyan ake lissafa su. Ni ban shiga jirgin ba, lokacin ina sakandare. Abin da suka auna suka adana shi ne na yi aiki a kansa. Matuƙa da masana da ma'aikatan filin jirgin da suka sha zafin Yamai a wannan shekara, ban san ko ɗayansu ba, amma guminsu na ci. Na gode musu.

Godiyata mafi nauyi ga Baba take, Allah ya jiƙansa. Idan ruwan farko ya sauka a gonarmu, yakan tsaya a bakin kunya ya ce, “Ka ji ƙasa ta yi numfashi.” Ranar da na fara jera alƙaluman jirgin a kan taswirar wuraren da ruwa ya jiƙa, sai da na ture kwamfuta na yi hawaye. Duk inda ruwa ya faɗa kan busasshiyar ƙasa, ƙwayoyin halittar da ke cikinta sukan farka su saki iskar naitirik oksaid, rana ta dafa ta da wasu sinadarai, wata iskar da ake kira ozon ta ƙaru. Jirgi na hawa kan jiƙaƙƙen wuri layin da ke nuna yawan waɗannan iskoki ya ɗaga, yana wucewa ya sauko. A kudu kuwa itatuwa ne ke fitar da wani sinadari cikin iska mai suna aizofirin, wanda yake raguwa sosai idan aka nausa arewa inda ciyayi suka yi ƙaranci. Na so a ce Baba ya ga wannan layin da idonsa.

Inna, kullum tambayarki ita ce yaushe zan gama auna abin da ido ba ya gani, amma ba ki taɓa fasa yi mini addu'a bayan asuba ba. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Malamina ya karanta babi na uku sau huɗu da jan biro. A lokacin na ji ciwo, jiya na ga amfaninsa. Allah ya saka da alheri, Malam.

A shekara ta huɗu ma'ajiyar kwamfutata ta mutu da aikin wata takwas a ciki. Wani bawan Allah mai gyara a kasuwa ya kwana uku a kanta har ya ceto kusan komai, ya kuma ƙi karɓar ko sisi. Uwargida ita ta riƙe gida da yara a wannan makon, ta riƙe ni ma, domin ko abinci ba na iya ci.

Abokan karatu da suka cika ɗakin jiya har wasu na tsaye a bakin taga, na gan ku duka. Ranar Asabar bayan azahar akwai ɗan walima da saukar Alƙur'ani a gidanmu domin Baba. Wanda ya samu hali ya zo, wanda bai samu ba ya sa shi a addu'a.